Ɗanɗano da Ƙafar Akawal

A gidan bulon da yake aiki ba wanda ya riƙe sunansa na gaskiya, kowa Ɗanɗano yake ce masa. Dalili kuwa, ba ya zuba wa doki abin da bai fara sawa a bakinsa ba. Dusa ce, gishiri ne, ruwa ne, sai ya lasa, ya ɗaga kai sama kamar mai sauraron hadari, sannan ya ce, "To, ci."

Aikinsa kai bulo a keken doki zuwa duk inda ake gini. Shi ƙato ne, in ya hau gaban keken sai katako ya yi ƙara. Akawal, baƙin dokin maigidansa, shi ke jan su, shi da bulon. Tare suka fara aikin da ƙarfinsu, tare furfura ta same su a hanya.

Wata safiya Akawal ya fito daga barga yana ɗingishi, yana gyaɗa kai duk lokacin da ƙafar gaba ta hagu ta taɓa ƙasa. Likitar dabbobi ta zo ta lanƙwasa gwiwar, ta sa aka gyara kofato, ta yi allura. Ta ce gaɓar ce ta cinye, tsufa da nauyi suka haɗu. Da Ɗanɗano ya tambaye ta batun kurkum da hulba, sai ta gwada masa yawan da zai riƙa zubawa, ta ce, "Za su taimaka wa kumburin, su gyara masa jiki. Amma Baba, ba za su dasa masa sabuwar ƙafa ba."

Maigidan bai ɓoye komai ba. "Ba mugunta ba ce, Ɗanɗano. Barga ɗaya gare ni. In bai tashi ba, mahauci ne zai zo ya duba shi."

Daga nan ɗakin Ɗanɗano ya koma shagon magani. Garin kurkum, ɗan citta, hulba jiƙaƙƙiya, busasshen ganyen zogale, da wani man kifi mai ƙarni da ya kori kyanwar gidan maimakon ya jawo ta. Yana damawa a cikin dusa yana lasa, har leɓensa ya rine rawaya.

"Malam," in ji matarsa, "ranar da ka ji haniniya na taso maka, ka faɗa min da wuri in sa a kafa maka turke."

"Ki dai tanadi ciyawa mai laushi, haƙorana sun tafi."

Da farko Akawal ya shinshina bahon ya kau da kai. Sai da aka rage cittar ya yarda. Sannu a hankali kumburin ya sauka, gashinsa ya dawo da sheƙi, ya fara cizon rigar Ɗanɗano kamar da. Kullum Ɗanɗano yakan ja shi da hannu su zaga bayan gidan bulo, har ɗingishin ya ɓace.

Sai ya gwada shi shi kaɗai. Ya yi cikakken lodi, ya hau, ya kaɗa linzami. Ba su kai bakin ƙofa ba kan dokin ya soma gyaɗawa. Ɗanɗano ya sauko. Ya ja shi da hannu, da lodin yadda yake, sai tafiyar ta kusa daidaita. Ya daɗe tsaye a wurin, hannunsa a wuyan dokin.

Washegari maigida ya tare shi. "Ya warke ko bai warke ba?"

Ɗanɗano ya san amsoshin biyu duk wuƙa ne. In ya ce ya warke, lodi zai ƙarasa ƙafar. In ya ce bai warke ba, ga mahauci.

"Ranka ya daɗe, ya warke, amma ba na tsohon lodi ba."

"Rabin doki zan riƙa ciyarwa ke nan?"

"A'a. Layin bulo ɗaya za a cire daga sama. Sai kuma babban buhun da ke zama a gaba."

"Wane buhu?"

Ɗanɗano ya dafa cikinsa.

Maigidan ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. "Da shekarunka za ka riƙa takawa har wajen gini, ka dawo?"

"Ƙafafuna ba wanda ya kira musu mahauci."

Maigida ya kalli dokin, ya kalli mutumin, ya ce a cire layin.

Tun daga ranar ba a sake ganin Ɗanɗano a kan keke ba. Yana gefe, riƙe da ragama, yana taka kwalta da rana. A hawan tudu har kafaɗa yake sawa ya tura. Leburori suna tsokanarsa wai ɗingishin bai bar gidan ba, ɗaki kawai ya canza, don yanzu shi ke jan ƙafa. Yakan ce musu ai an bar shi cikin dangi.

Da yamma in ya shigo gida, matarsa takan ajiye masa ruwan ɗumi a baho, ta durƙusa ta zare masa takalmin a hankali saboda kumburi. A wannan lokacin ba ta tsokanarsa.