Injin Inna da Layi Ɗaya

"Wai da gaske ta sayar da tsohon injin?"

"Da idona na ga ana ɗora shi a amalanke."

"To mu ina za mu kai niƙa?"

"Ke dai ajiye kwanonki. Yau za a kunna na lantarki."

Inna Mai Niƙa tana jin matan da suka kawo niƙa daga cikin rumfa. Shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan sana'a, tun rasuwar maigidanta. Da injin gas ta raini 'ya'ya huɗu. Ya cinye mata jin kunnen hagu, bel ɗinsa ya bar mata tabo a hannu, kullum ta tashi aiki fari fat kamar an tono ta. Amma ko tari ya yi, ta san abin da ke damunsa.

Ranar da aka kafa falwayar lantarki a ƙauyen, ita ta fara kai wa ma'aikata ruwan sha. Gas ya yi tsada, mata sun fara komawa turmi. Sai ta sayar wa wani mai lambu na ƙetaren rafi tsohon injin, ta haɗa da kuɗin akuyoyinta biyu, ƙanenta ya sayo mata na lantarki a birni.

Mai haɗa wuta ya tsuguna, ya karanta ɗan ƙarfen da ke jikin injin. Ya fita ya ɗaga kai ya dubi falwaya, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Inna, wa ya zaɓo miki wannan?"

"Ni ne," in ji ƙanen. "Mafi ƙarfi a shagon!"

"Ai ƙarfin ne matsalar. Wuta mai layi uku yake ci. Ku layi ɗaya aka ja muku."

"Sauran biyun fa?" in ji Inna.

"An ce garin bai kai ba. Wutarku ta ƙwan fitila ce da cajin waya."

"Yaro, maimaita a wannan kunnen. Wancan ba ya ji."

Ya maimaita. Inna ta dafa buhu ta zauna. Wata cikin matan ta saki salati.

"Sai dai a ƙaro waya da taransifoma," in ji mai haɗa wutar. "Ko garin nan kaf aka yi karo-karo, da wuya."

"A mayar shago mana!" in ji Inna.

Ƙanen ya sunkuyar da kai. "Yaya, sun ce in an kwance kwali, shi ke nan."

Ƙwan fitilar da aka rataya jiya yana ci a saman kanta, da rana tsaka. Ta dube shi, ta dubi kwanoni sha ɗaya jere a ƙofa, ga kaka ta ƙarato.

"Auta," ta ce da ƙanen, "hau babur ka tafi wurin mai lambun nan. Ka ce Inna tana roƙonsa don Allah ya ba ni hayar injina, ko zuwa ƙarshen kaka ne."