Ɗebo Daga Ƙasa: Shekara Bakwai Babu Yaya Laraba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Laraba mai yaji, ta bakin boda a Magama. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, 'yar sadaka nake yi in kama bakina. Bana kam shirun ya gagara. Abin da na gani ne ya sa na ce bari in rubuto wa jarida, wanda zai ji haushi ya ji.

Ga wanda bai san ta ba, Yaya ba ta da shago, ba ta da allon talla. Benci ne da ƙatuwar fanteka a gindin bishiyar bedi, daura da inda manyan motoci ke tsayawa suna jiran kwastan su sallame su. Ni Asabe, ƙanwarta, ni ce mai taya ta daka tun ina budurwa har na yi jikoki. Barkono daga manoman Gangara, da citta, da kanumfari, da masoro, da tafarnuwa, da daddawa. Babu wani asiri a haɗin, kowace mace a Jibiya ta san shi. Yadda take sayarwa ne ya raba ta da sauran.

Kowa ya san halin kasuwa: manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. To ita idan mai saye ya kai hannu zai ɗanɗana na sama, sai ta buge hannun, ta miƙa masa ludayi mai dogon mariƙi, ta ce, "Ɗebo daga ƙasa. Na sama na ido ne, na ƙasa shi ne nawa." Haka take yi wa baƙo, haka take yi wa wanda ya shekara goma yana saye. Wasu su yi dariya, wasu su ce ai mun yarda da ke. Ba ruwanta, sai ka tona har ludayin ya taɓa gindin fanteka. Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji ta, kuma ba ta so a yarda da ita kyauta.

Sai kuma ƙullin direba. Duk direban da zai tsallaka, tana ba shi ɗan ƙulli, ba saye ba, ba gyara ba. Ni kuwa da na sha hayaƙin barkono har idona ya kumbura, abin yana ƙona mini rai. Rannan na yi mata ƙorafi, ta harare ni ta ce, "Ke Asabe, direba a gari nawa yake cin abinci? Duk inda ya kwance ƙullin nan a kan shinkafa da wake, na kusa da shi sai ya ce sam mini. Masu talla da ƙafa suke yawo, tawa tallar da taya take." Wallahi haka aka yi. Saƙo ya riƙa zuwa daga Ɗan Isa, daga Maraɗi, daga garuruwan da ba ta taɓa takawa ba, ana cewa a kawo yajin Laraba.

Shekarar da barkono ya yi tsada kuwa, ba ta taɓa haɗin ba. Ƙullin ta rage, kuma da bakinta take faɗa tun kafin ka lura: "Barkono ya hau, ƙulli ya rame, amma yajin shi ne." An yi ta guna-guni, amma ba wanda ya koma wani wuri.

Bayan rasuwarta ɗanta na fari, Nasiru, ya karɓi sana'ar. Zan faɗi gaskiyarsa, yaron yana da kai. Ya kama shago, ya daina ƙulli a leda ya koma zuba yaji a robobi masu murfi, ya buga hoton uwarsa ya manna a jiki, yana tallatawa a waya ana aiko masa da saƙo daga nesa. Ranar da na fara ganin fuskarta a kan robar sai da na yi kuka, na sa masa albarka. Da hannuna na auna masa haɗin, na nuna masa yadda ake shanya barkono kada ya yi baƙi. Ya ce, "Inna, ki huta, inji zai yi dakan." Na huta. Ina alfahari da shi a gidan biki, ina cewa Yaya ta bar baya.

Watan jiya aka yi sallama a ƙofar gidana. Malam Isuhu ne, tsohon direban babbar mota daga Maraɗi, wanda ya ci ƙullin Yaya tun gemunsa yana baƙi. 'Yarsa ce ta yi haihuwar fari a gidan miji, ya sayi robobin nan ya kai a matsayin yajin jego, yana cika baki gaban surukai cewa ya kawo wanda babu irinsa. Da maijego ta cinye na saman roba, sai ɗanɗano ya ɓace. Matan gidan suka juye sauran a faranti suna kallon juna, aka aiko masa da shi ba tare da an ce komai ba. Wanda ya san zaman surukai ya san wannan shirun ya fi zagi.

Ya ce in kawo faifai. Ya buɗe sabuwar roba a gabana ya zazzage. Na saman, kaurin yatsa biyu, yajinmu ne sak, ja mai duhu, ƙamshinsa ya sa ni atishawa. Abin da ya biyo baya garin masara ne da gishiri da kala. Dattijon nan bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hajiya, wanga ba yajin Laraba ba na. Huska dai tata ta, amma hannu ba nata ba na."

Na yafa mayafi na nufi shagon. A bayan kantar shagon na tarar da fanteka biyu, ɗaya ta garin da ake zubawa a ƙasan roba, ɗaya ta yajin sama, kuma ta saman ita ce ta Yaya, har da lanƙwasar bakinta da na sani. Da Nasiru ya ce mini kuskure ne, da na rufa masa asiri har kabarina. Ina! Cewa ya yi, "Inna, kasuwa ce. Kowa haka yake yi. In na ƙara farashi su gudu, in na rage roba su gudu." Na ce to ya cire hotonta ya sa nasa. Ya ce hoton uwarsa ne, ba mai hana shi. Yaron da na goya a bayana! Uwar da don kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba har ta koma ga Allah, shi ga shi yana shelar nata sunan a kan garin masara. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Na ji ciwon mutuwarta, amma wannan ya fi mini ciwo, don mutuwa ba ta ci amanar kowa ba.

Nakan tambayi kaina, da za ta leƙo yau me za ta ce? Wayar ba za ta dame ta ba, na tabbata da ta fi kowa iya magana a cikinta, ita da bakinta ba ya gajiya. Robar ma za ta so, musamman da yake ana ganin ciki. Amma na san kifa ta za ta yi a kan benci, gindi a sama, ta ce wa mai saye ya duba. Masu ƙananan sana'a da ke karanta wannan, ku yi hoto, ku yi talla, ku yi murfi mai kyau, ba laifi. Sai dai ku tuna murfi sau ɗaya yake sayar da kaya, saye na biyu abin da ke ƙasa ne yake kawo shi. Tayar da ta kai sunan Yaya Maraɗi, ita ce yanzu take kai labarin masarar, kuma ta fi gudu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na ɗanta bai wuce tsawon cokali ba.

Me ya rage nata? Bedin an sare, bencin ya karye, sunan yana hannun wanda bai san nauyinsa ba. Amma har gobe a bakin boda za ka ji ɗan dako ko direba, wanda bai ma taɓa ganinta ba, yana ce wa mai gyaɗa ko mai gero, "Ɗebo mini daga ƙasa." Wannan ba a manna shi a roba ba, ba kuma mai iya gauraya shi. In kun ga roba mai fuskarta, ku kifa ku duba. Ita ta koya muku, ban dai taɓa zaton a kan ɗanta za a gwada ba.

Sadakar bana ban yi waina ba. Turmi na jawo, na daka wa 'yar Malam Isuhu yajin jego da hannuna, ina tari ina hawaye, ban san na barkono da na baƙin ciki ba. Da ya zo karɓa na miƙa masa ludayin Yaya, wanda shi kaɗai na ɗauka cikin kayanta. Ya ja da baya ya ce haba, ai ni ƙanwarta ce, ya yarda da ni.

Na ce, "A'a Malam, ɗanta ma ka yarda da shi. Ɗebo daga ƙasa."

Ya tona har ludayin ya taɓa gindin kwano, ya lasa. Sannan ya ce, "Allah shi jiƙan Laraba." Na ce amin.