Fatar da Ta Yi Mini Yawa

A shekarun da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tattara su koma gida, ni tafiyarsu ko zamansu bai dame ni ba, domin ina da tawa masarautar, wato tumbina. Gyaɗa nake saye a Rano ina ɗora wa masu lori su kai Kano, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ya san ba ta son siririn mutum. Manomi idan ya kawo buhunsa daga Kahu ko Nariya, ba sikeli yake fara dubawa ba, cikinka yake kallo. In ya ga ka cika tabarma sai hankalinsa ya kwanta, ya ce wannan ya ƙoshi, ba zai ci haƙƙina ba. Ni kuwa na cika tabarma har na zubo gefe. Fura da nono da hantsi, tsire da la'asar, tuwo da man shanu bayan magariba, a tsakani kuma ga gyaɗa a gabana, hannu ba ya hutawa.

Mahaifiyata tana Kibiya, ni ne kuma ɗanta na fari. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A lokacinmu mace tana kunyar ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, na tashi ina kiran mahaifiyata Yaya, yadda na ji ƙannenta suna kiranta. Ita kuma da na girma na bar gari sai ta raɗa mini "mutumin Rano". In tana da magana da ni, sai ta faɗa wa tukunya, ko turmi, ko duk abin da ya fi kusa, ni kuma in tsinta. Abu ɗaya ne na san yana shigar mata rai. Idan mata suka dawo daga kasuwar Rano suka ce mata, "Kai, mun ga ɗan naki, ya yi jiki, tubarkalla," sai ta ɗaure fuska ta ce wa ke nan, amma kafin su tashi sai ta raba musu goro. Ƙibata ita ce gaisuwar da nake aika mata, ita ce kuma kaɗai abin da take iya alfahari da shi ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba.

Sai ciwo ya zo. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari kamar an buɗe tulu, gajiya ko ban yi aikin komai ba. Wata rana na miƙe zan gyara sikeli, na farka na gan ni a kan buhunan gyaɗa a bayan lori, an nufi asibiti da ni a Kano. Likita Bature ne, siriri kamar sandar makiyayi, ya sa tafinta ya gaya mini ciwon sukari ne, kuma in ina son kwana da yawa a duniya, ni da ƙiba mun raba gari. Na ji haushin mutumin nan ƙwarai. A raina na ce hassada ce kawai. Amma na ga yadda aka fita da na gadon kusa da ni a lulluɓe, sai na bi doka. Na roƙi duk wanda ya zo duba ni, in ya bi ta Kibiya ya ce fatauci na tafi kudu.

Na daɗe a can, na kuma daɗe a gida ban fita ba. Nama ya tafi, amma fata ta ƙi bin sa. Ba wanda ya gargaɗe ni game da wannan, ko likita ko tafintansa. Na ɗauka mutum in ya rame komai nasa ramewa yake tare. Ashe fata tana da taurin kai. Ta cikina ta sauko ta rufe mazagin wandona, sai na ɗaga ta da hannu ɗaya sannan in ɗaure da ɗayan da haƙori. Ta damtse kuwa, in na ɗaga hannu zan yi kabbara, ni na gama, ita ba ta gama ba. Wanka ya zama aiki, kowane ninki sai an ɗaga shi an wanke an share, in ba haka ba ƙurajen zafi su yi gida a ciki. Mai ɗakina ita ke bi da hoda tana barbaɗawa, tana cije leɓe. Na ce mata in dariya ce ta yi abinta kada ta shaƙe. Ta yi kuwa, har da hawaye, ta ce, "Maigida, ka yi haƙuri, kamar ka ari jikin wani ne, mai shi bai zo karɓa ba."

Na nemi magani, don ba na cikin masu zama su zuba wa abu ido. Na fara da wanzamin unguwarmu, wanda a wurinsa kowace cuta mataccen jini ce. Ya zaunar da ni a zaure, ya kafa ƙaho a bayana, ya tsotsa. Ya sake tsotsa. Na ji bayana yana tafiya, yana tafiya, kamar ba zai tsaya ba. Can sai ya ɓalle ƙahon da ƙyar, ya leƙa ciki, ya ce, "Maigida, ƙahona ya cika da kai, bai tarar da jini ba." Ya ƙara da cewa in na yarda ya rage mini da aska, akwai badukun da zai yi murna. Ban bari ya gama tattara kayansa ba na nuna masa hanya. Daga nan mai ɗakina ta samo shawara a gidan biki, wai ruwan bagaruwa yana tsuke fata, ai da ita majema suke aiki. Na yi ta wanka da shi har na yi duhu, na koma warin majema, kuda suna rakiya ta har masallaci. Fata kuwa tana nan inda take.

Ina cikin wannan sai ga saƙo daga Kibiya ta bakin wata maƙwabciyarmu: a gaya wa mutumin Rano, in ya dawo daga fataucin, hanyar Kibiya ba ta toshe ba.

Ba dariyar mutane nake tsoro ba, wannan na riga na sha ta na ƙoshi. Yaya nake ji wa tsoro. In ta gan ni haka za ta san na leƙa kabari na dawo, kuma ba ta da bakin tambayata, ba ta da ikon yin kuka a gaban mutane saboda ɗan fari. Sai dai ta haɗiye, abin ya yi ta cin ta. Na yanke a raina, ko ta halin ƙaƙa, mutumin Rano zai shiga Kibiya da tumbinsa.

Ranar tafiya muka tashi da aiki tun da sassafe. Mai ɗakina ta naɗe fatar cikin sama, ta ɗaure da tsohon rawani, ta jera auduga a kai, ta rufe da zani, ta sake ɗaurewa. Hannuwa muka cusa musu tsummoki a cikin kaftani. Na zuba babbar riga a sama. Saura wuya, wanda fatarsa take reto kamar ta bijimi, shi kuma na naɗa sabon rawani na ja amawali har hanci. Ta ja da baya ta ƙare mini kallo, ta ce, "Wallahi ka fi na da cika." Na ji daɗi har cikin raina, na hau keke.

Bazara ce. Kafin in fita daga Rano gumi ya fara aikinsa. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne amawalin nan, don a wajenmu ba kowa ke rufe baki da rawani ba sai mai sarauta ko babban malami. Manoma masu sharar gona suka riƙa yar da fartanya suna zubewa: "Ranka ya daɗe! Sauka lafiya!" Da farko na so in yi musu bayani, sai na ga bayanin ya fi ƙaryar tsawo, na riƙa ɗaga musu hannu a hankali kada tsumma ya faɗo. Auduga kuwa ta sha gumi ta yi nauyi, ta fara sauka. Da na hango gidajen Kibiya tumbina ya kusa kai gwiwa, ina taka keke yana dukan cinyoyina. Na ratse bayan wata tsamiya, na tattaro shi da hannu biyu na mayar da shi mazauninsa, na ƙarasa gari a ƙasa, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya a ƙarƙashin riga.

Na yi sallama na shiga. Yaya tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, mazari yana juyawa, ga wata kaza tana kiwo a gefenta. Ta ba ni gefen fuska kamar kullum. Na je daidai inda na saba tsayawa, na turo ciki gaba yadda zai fito sosai, na tsuguna.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya," ta ce wa mazarin.

Na gyara riga. Na ɗan yi tari. Na shafa tumbin, don dai a san yana nan. A nan ne abin ya faɗo mini, na ji kamar in mari kaina. Tun asuba muke gini, na sha zafin da ban taɓa sha ba, na karɓi gaisuwar da ba tawa ba, duk don idon matar da tun da nake ba ta taɓa kallona ba.

Mazari ya tsaya. Yaya ta dubi kazar nan ta ce, "Ke, wane ne ya shigo mana gida? Ni ban ji ƙasa ta amsa ba. Mutumin Rano in zai tsuguna sai ya dafa bango, ya yi nishi, gwiwoyinsa su yi ƙara, gaisuwar ma sai ya huta take fita. Wannan kuwa ya sauka kamar kyanwa."

Na sunkuyar da kai. Kazar kuwa ta ci gaba da kiwonta.

"Ga kuma warin jiƙaƙƙiyar auduga. Ni za a ɓoye wa auduga? A gaya masa ya kwance kafin ya dahu."

Na fara da amawali. Na cire riga, na zaro tsummoki, na warware zani, auduga ta zubo a gabana tuli guda tana tururi. Da na kwance rawanin ƙarshe, fatar cikina ta sauko ta zauna a kan cinyata, kamar ita ma ta gaji da tafiya. Yaya ta miƙo ƙafa ta jawo audugar wajenta, ta ce wa kazar, a shanya wannan, ba a yi ta don wasa ba.

Sai ta yi abin da ban taɓa tsammani ba. Fuskarta tana can wajen bango, ta miƙo hannu baya tana lalube har ta sami damtsena. Ta kama fatar, ta ja ta a hankali, ta murza tsakanin yatsunta yadda ake duba yadi a kasuwa. Ban san hannunta ba sai ran nan. Ashe yana da kaushi, yana kuma da ɗumi. Ina da gemu, ina da iyali, amma na sakar mata damtsen kamar ƙaramin yaro.

"Haka ya zo duniya," ta ce wa kazar, muryarta ƙasa-ƙasa. "Fata ninki-ninki, ba komai a ciki, har ana cewa ba zai yi kwana ba. Matan gida suna tsammani ban duba ba. Na duba. Duk sanda suka fita sai na buɗe zanin na duba."

Na rasa inda zan sa idona, sai ni ma na juya wajen kazar. Na gaya mata duk abin da ya faru, faɗuwar da na yi, da lori, da asibiti. Na ce mata likita ya hana ni maiƙo da zaƙi har iyakar raina, saboda haka wannan fata ba za ta sake cika ba, kuma matan da ke zuwa kasuwa ba za su ƙara kawo labari mai daɗi ba. Na ce a ba Yaya haƙuri.

Kazar ta gaji da mu ta yi gaba abinta, aka bar mu mu biyu ba mai kai saƙo. Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan.

"Wa ya ce maka a cika?" ta ce. "Bar ta haka, tunda kana ciki."

Ba ta juyo ba, ba ta kuma saki hannuna ba, har ladan ya kira la'asar.