Obiamaka, Mai Koya Wa Tsofaffi Dangwale

Ƙarfe bakwai na safe Madam Obiamaka take buɗe shagonta na kayan rubutu a Titin Bauchi. Ta share ƙofa, ta jera biro da littattafai, sannan ta ajiye kwalin tawada da yankakkun takardu a gefen benci. Waɗannan biyun ba na sayarwa ba ne. Duk tsohuwar da ta zauna hutawa a bencin nan, ko ruwa ta roƙa, ba za ta tashi ba sai da shuɗin yatsa.

Mutanen mazaɓarmu sun san tarihin Honarabul Dantong, ɗan majalisar jiha: ya faɗi sau ɗaya, ya ci sau uku. An buga fostarsa har bango ya gaji. Amma ban taɓa ganin hoton matar nan ko a bayan Keke Napep ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A zaɓen farko ita ce wakiliyarsa a wata rumfar zaɓe a Nasarawa Gwom. Da aka zo ƙirge bayan la'asar, jami'in zaɓe ya riƙa ɗaga takardu yana jefarwa gefe. An dangwala daidai, amma an ninke takardar biyu tun tawada ba ta bushe ba, sai ta shafi gidan wata jam'iyyar. Ngo Kaneng, wata tsohuwa mai sayar da acca wadda ta shiga layi tun rana ba ta yi zafi ba, ta matso ta tambaya me ya sa ake ware waɗancan. Aka yi mata bayani. Ta dubi yatsanta ta ce, "Ai haka na ninke tawa. Ashe tsayuwar banza na yi."

Dantong ya faɗi da ƙuri'a arba'in da ɗaya, lalatattu kuwa sun haura ɗari uku. 'Yan jam'iyya suka yi ta ihun an yi maguɗi. Obiamaka kuwa, fuskar tsohuwar nan ce ta tsaya mata a rai. Ta ji kunya, ta ji haushi, kuma ta yi alkawari ba za a sake jefar da ƙuri'ar Ngo Kaneng a gabanta ba.

Daga nan ta fara yawo da kwalinta. Ƙungiyar mata zumunta, gidan suna, layin masu niƙa, babu inda ba ta kutsa ba. A shekarun da mutane ke tsoron tsallaka unguwar da ba tasu ba, ta yafa gyale ta shiga Anguwan Rogo gida gida. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "ka" ne a wurinta. "Mama, ka danna sau ɗaya. Ka jira ya bushe. Ka naɗe shi kamar tabarma, kar ka ninke." Matan su yi ta dariya suna kwaikwayonta, amma karatun ya zauna.

Wani jigon jam'iyya ya taɓa tare ta ya ce, "Madam, kina koya wa 'yan adawa fa." Ta ce, "Oga, tawada bai san jam'iyya ba." A takardun gwajinta babu tambarin kowa, zanen tukunya ne da kifi da tsani.

Ke ce uwar dangwale, Obiamaka. Ke kika mayar da yatsan tsohuwa abin da ake lissafi da shi. Zaɓe na biyu Dantong ya haye da ƙyar, na uku ya wuce da rata, kuma kowane karo tarin lalatattun nan raguwa yake yi. Ya sha cewa aikinsa ne ya jawo, mu kuwa da muka ga kwalin tawada sai mu yi murmushi.

A zaɓen da ya wuce, a Keke aka kawo Ngo Kaneng, ido ya yi rauni. Ta ƙi tafiya gida har aka gama ƙirge. Jami'i ya karanta na kowace jam'iyya, sannan ya ɗaga murya ya ce lalatattu babu ko ɗaya. Rumfa ta ɗauki tafi, har wakilan adawa.

Tsohuwar ta kamo hannun Obiamaka ta ce, "'Yata, in faɗa miki gaskiya? Ban taɓa zaɓar oganki ba."

"Ngo, an ƙirga naka yau?"

"An ƙirga."

"To shi ke nan," in ji Obiamaka, tana share hawaye da gefen zani.

Yanzu gwiwa ta hana ta yawo, ta ce ta ajiye wakilci. Mun gode, Madam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Ku kuma masu ƙafa, kwalin yana nan a gefen benci. Kowa yana da tsohuwa a gida, ya je ya ara ya koya mata kafin zaɓe ya zo.