Layi arba'in na ƙarshe da Yaya Sabi'u ya rubuta

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabi'u. Duk shekara nakan yi masa addu'a ne in yi shiru, amma bana akwai laifin da nake so in amsa a gaban jama'a.

Yaya mai rubuta manhajar kwamfuta ne, a wani ɗan shago a bayan kasuwar Lafiya. Bai taɓa damuwa da ƙyale-ƙyalen allo ba. Shi dai baƙin allon nan da babu hoto, sai haruffa kawai, domin shi ne tsoffin kwamfutocin ƙananan asibitoci da makarantu ke iya ɗauka. Matsalar baƙin allo ita ce komai a jere yake, ba ka iya buɗe abu a kan abu. Sai ya zauna ya rubuta wani tarin umarni, abin da masu sana'ar ke kira laburare, wanda ke zana tagogi da haruffa, ya ɗora wannan a kan waccan, ya san wacce ke sama da wacce ta rufu. Duk mai so ya ɗauka kyauta ya gina tasa manhajar a kai.

Da kwali ya koya min aikin. Yakan yanka kwalin sabulu gida-gida, ya baza a tabarma, ya ce in ɗaga na sama in faɗa masa abin da ya bayyana. In na yi kuskure ya ce kaina ya fi kwamfutar shagonsa nauyi. Innarmu kuwa cewa take an biya masa kuɗin makaranta ya dawo yana wasan yara.

A makonsa na ƙarshe yana gyaran sashen da ke rufe taga. Ya rubuta layi arba'in na umarni, bai kammala ba, zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana biyar ya cika. Aikin ya dawo hannuna. Tun a watan farko na gane akwai aibi a layukan nan: wani lokaci in an rufe taga, sai rubutun da ke samanta ya maƙale a kan ta ƙasa. Na san maganinsa. Sai dai maganin shi ne a cire arba'in ɗin gaba ɗaya a sake sabo, ni kuma na ƙi. Kada wani masani ya rubuto min cewa ai akwai kwafi a ajiye, na sani. Kwafi a kwance yake. Waɗannan kuwa kullum safiya suna tashi suna aiki, kuma a wurina hannun Yaya ne bai daina motsi ba. Duk wanda ya kawo ƙorafi sai in ce ya danna maɓallin sabunta allo, ai ba wani abu ba ne.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Yau manhaja ke rubuta manhaja, matasa kuma sun dawo suna yayin baƙin allon da aka yi ta yi masa dariya a kai. Na tabbata zai yi murmushin nan nasa na wanda aka zo wurinsa a makare. Amma ni ba zai yi min murmushi ba. Mutum ne da ke goge aikin wata guda ba tare da ya waiwaya ba in ya ga bai yi ba.

Watan jiya Madam Esta ta kira ni. Ita ke gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Obi, inda manhajarsu ke zaune a kan laburaren Yaya.

"Anti, sunan wani baba ya zauna a kan sakamakon wani mata," in ji ta. "Saura kaɗan in ba shi takarda in ce yana da ciwon da ba shi da. Abeg, ku duba wannan abu."

Allah ne ya sa ta lura da shekarun da ke ƙasa ba su dace da tsoho ba. Na ajiye waya, na san aibin nan ne na layukan Yaya. Shekara bakwai ina kiran abin nan ƙauna, ashe son kaina ne, kuma wani dattijo da bai san ni ba ya kusa ɗaukar nauyinsa zuwa gida.

Washegari da hantsi na cire layukan. Gyaran bai kai awa biyu ba, wannan ma ya ƙara min kunya.

Yanzu in an tambaye ni abin da ya rage na Yaya Sabi'u, ba zan nuna layi ko ɗaya ba. Akwai tsoffin kwamfutoci daga Ashige zuwa Obi da ba a jefar ba saboda shi, akwai kuma ƙanwa da a ƙarshe ta yi abin da zai yi tun ranar farko. Allah ya jiƙansa, ya yafe min jinkirina.

Madam Esta ta sake kira bayan mako guda, muryarta cike da murna. Ta ce yanzu in ta rufe taga, tagar tana tafiya gaba ɗaya, ba ta barin komai a baya. Na ce mata madalla, na yi mata godiya, na kashe wayar, sannan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.