Goben da na ɗiba wa Ayuba

Ranar Asabar ce, gero ya fitar da kai. Ina daka da safe mijina Ayuba ya tsaya bayana da fartanya a kafaɗa.

Mu Kirista ne, gida huɗu kacal a ƙauyenmu kusa da Gidan Goga. A wurinmu mai riƙe da wani a zuci ba ya cin jibin Ubangiji, gurasar da ake rabawa a coci, sai ya yafe. Sau uku ana miƙo mini gurasar ina kau da kai. Ranar da muka binne jaririnmu Ayuba ya ce wataƙila Allah ne ke hukunta ni kan wani zunubi. Maganar nan ce na kasa yafe masa.

Ya ce, "Rifkatu, gobe akwai jibin Ubangiji. Ki yafe mini."

Ni kuwa akwai taurin kai. Ban ko ajiye taɓarya ba. Na ce, "Gobe, a bakin coci." So nake ya ƙara kwana guda da maganar a ransa.

Ƙarfe goma na ji babura, ba ɗaya ba, ba biyar ba. Sai harbi daga wajen gonaki, inda Ayuba ya nufa. Maƙwabcinmu Malam Sani ya banko ƙofa.

"Ku shiga gero! Kar ku bi hanya!"

Na fizgi 'yata Saratu, ko takalmi babu. Muka kwanta tsakanin kunyoyin gero har azahar ta wuce, hannuna a bakinta. Hayaƙin rumbuna ya rufe rana. Da la'asar muka miƙe, ƙaya na cin ƙafa, muka shiga Maradun ana kiran magariba. Kwana biyu bayan haka mota ta sauke mu Talata Mafara.

Can Malam Sani ya same ni. Ya ce an kashe Ayuba a gonarsa, shi da ƙannensa suka binne shi a gefenta.

Wata dattijuwa a coci ta ce in yafe wa 'yan bindiga, hukunci na Allah ne. Haba, Mama! Su ba su roƙe ni ba. Wanda ya roƙa shi na hana, abin da ke hana ni zama wuri ɗaya ke nan.

Mu tara muke cin jibi a ƙauye. Shida muka iso. Ran Lahadi an miƙo mini gurasa, na ce a hankali, "Na yafe, Ayuba." Ba wanda ya amsa.