Gorar Kaka

Ni tun farko ban so tafiyar nan ba. Maigidana ne ya ƙirƙiro ta, wai hutun makaranta ya zo kuma yara ba su taɓa shiga jirgin ruwa ba. Za mu hau babban kwale-kwale mai inji daga Lolo, mu bi kogin Kwara har Malanbil, mu kwana biyu mu dawo. Jirgin yakan yada zango a wani tsohon gari a hayin Benin, garin da aka haifi kakata ta wajen uwa.

Kaka na jin haka ta aika a kira ni Sharabi, inda take zaune wurin kawuna. Ido ya daɗe da tafiya, ƙafa ma ta ƙi. Ta lalubo wata tsohuwar gora a ƙarƙashin gado, ta cire murfin, ta shaƙa, ta daɗe tana shaƙa, sannan ta damƙa mini. Babu komai a ciki sai wani irin bashi da ya sa na kau da kai.

"Ke jikata," in ji ta, "in kun isa ki tambayi mashayar gidan masu saƙar taru, dab da tsohon masallaci. Nan anka haihe ni, wagga gora ma da ita na baro garin. Mu can, duk wanda yat tahi gida shina kawo wa wanda bai samu zuwa ba ruwan ƙofar gidansu. Ki ciko min, in sha kahin in mutu."

Na ce to. Me zan ce? Da labarin garin nan ta raine mu: wai lungunansa duk ruwa ne, ko gaisuwar maƙwabta da kwale-kwale ake zuwa, ruwan kuma garau har kana ganin kifi.

Da muka isa garin, wallahi wari ne ya fara tarbarmu, tun matuƙi bai kashe inji ba. Ya ce kowa ya dawo kafin la'asar, mu kuma muka shiga ƙaramin kwale-kwalen wani dattijo mai Hausa gauraye da Dendanci. Gidajen dai ga su nan, tsofaffin soraye masu zane a goshi, ƙafafunsu cikin ruwa. Maigidana sai ɗaukar hoto yake da waya yana cewa, "Kai, tarihi! Yara ku duba tarihi!"

Ni ƙasa nake duba. Ruwan kore shar, ya yi kauri kamar miyar kuka da ta kwana. Leda, hanjin kifi, ƙunzugun jarirai, baƙin man inji yana sheƙi a kai. Kowane gida ya turo ɗan bayin zana a kan ruwa, kuma ba sai an gaya wa mutum inda abin yake faɗawa ba. A wata kwana filafilin dattijon ya ture mushen akuya, ta kumbura ta juya ƙafafu sama, ƙudaje suka tashi buu. Ƙaramar 'yata ta miƙa hannu za ta taɓa ruwan, na make hannun har ta yi kuka. Tir! Ban taɓa jin ƙyamar wuri irin ta ranar ba.

Muka sami mashayar, 'yan matakalai na dutse da suka yi gansakuka. Wata tsohuwa tana wanke tukwane a wurin. Da dattijon ya yi mata bayani sai ta saki tukunya ta rungume ni da jiƙaƙƙun hannuwanta, ashe jikar ƙanen baban Kaka ce. Ta karɓi gorar da murna, ta kore kumfa da ledojin da ke sama da bayan hannu, ta nutsa ta har ta daina ɓulɓul. Ta toshe, ta miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa na yi godiya.

Ni fa a ƙaramin asibiti nake aiki. Na ga abin da amai da gudawa ke yi wa ƙato cikin yini ɗaya, balle tsohuwar da ba ta fi kara nauyi ba. Da muka koma babban jirgi na gaya wa maigidana ba zan ba Kaka wannan ƙazanta ba.

"Alkawari kika ɗauka," ya ce.

"Na ɗauki alkawarin kashe ta ne?"

Ya koma kan hotunansa. A tsakiyar Kwara na tuntsurar da ruwan. Da muka dawo gida Bagudo na wanke gorar da ruwan zafi da sabulu har sau uku, na sa tsakuwa na girgiza, na shanya ta a rana. Sannan na cika ta a rijiyar burtsatse, ina ta yaba wa kaina dabara.

Kaka ta sa aka tashe ta zaune. Ta yi bisimilla, ta kurɓa, ta riƙe ruwan a baki kafin ta haɗiye.

"Wanga ruwan burtsatse na," ta ce.

Na fara rantse-rantse, ta ɗaga mini hannu. Babu faɗa a fuskarta. Ta ce da kawuna ya juye ruwan a buta kada a yi asara. Da ya dawo mata da gorar sai ta kai hanci bakinta, yadda ta yi ranar da ta ba ni. Ta shaƙa, ta juya ta, ta sake shaƙa.

"Har gorar kin wanke?"

Sai a lokacin na gane abin da take shaƙa duk shekarun nan: warin ruwan garinsu da ya kama gorar. Na so ƙasa ta tsage in shige. Har yau ina ƙyamar ruwan garin nan, kuma ko gobe ba zan ba ta shi ba. Amma wa ya aike ni da sabulu?

Kaka ba ta mayar da gorar ƙarƙashin gado ba. Ta miƙo mini, ta ce in tafi da ita, yara sa riƙa zuwa makaranta da ruwa.